Ɗan Gulbi Ma Gari Ne: Magana Da Masu Son Rubuta Labari Da Waƙa

A ƙarshen watan Maris na 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan wannan mataki, wasu suna murna, wasu suna ganin an tauye sauran harsunan ƙasar, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Abin da ya dame ni ya fi wannan muhawara ƙanƙanta, amma ya fi kusa da mu. In yau baƙo ya shigo sashenmu ya ce a lissafa masa ƙagaggun labarai goma na Hausa waɗanda ƴan Nijar suka rubuta a kan rayuwar Nijar, mutum nawa ne a cikinmu za su kai goman ba tare da sosa ƙeya ba? Doka tana iya ɗaga darajar harshe a takarda, amma littafin da yaro zai duƙufa a kansa har tuwonsa ya huce, sai wani ya zauna ya rubuta shi.

Masu son rubutun suna nan, ba su yi kaɗan ba. Akwai ɗalibai da yawa da ke da labari a bayan kayensu na darasi ko a cikin waya, akwai masu baitocin da ba su taɓa nuna wa kowa ba. Sai dai duk wanda ya karanta irin waɗannan rubuce-rubuce zai lura da abu guda. Saurayin da ya tashi a Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro, wanda ya san nauyin guga da zafin rairayin azahar, in ya zo rubuta labari sai ya kai shi wata unguwar masu kuɗi a Kano ko Abuja. Taurarinsa suna kashe naira, suna shiga motocin da shi kansa bai taɓa leƙa cikinsu ba, suna magana da Kananci mai gauraye da Ingilishi. Ba dala, ba jika, ba tiya, ba amalanke. Ra'ayina shi ne wannan hasara ce, ga marubucin da kuma ga adabin Hausa baki ɗaya, kuma mu ɗaliban kimiyyar harshe mun fi kowa rashin uzuri a kanta.

Kada a ɗauka ina kushe adabin Kano. Marubutan da suka taso a can daga tsakiyar shekarun 1980 sun yi abin da ba wanda ya yi kafinsu: sun buga littattafai da kuɗin aljihunsu, sun kai su kasuwa, sun sa matan aure da ƴan makaranta karatu don nishaɗi. Littattafan sun tsallako iyaka har Maraɗi da Damagaram, kuma da yawanmu da su muka saba da karatun Hausar boko, tunda a lakwal ba a koya mana shi ba. Amma a dubi abin da ya ba su ƙarfi. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta rubuta zaman gidan da ta sani ciki da bai, shi ya sa Alhaki Kwikwiyo Ne ya yi tasirin da har aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna da bakin samarin Kano na zamaninsa. Darasin da ke cikin aikinsu shi ne kowa ya rubuta inda ƙafarsa ta taka. Wanda ya kwashi unguwanninsu da sunayen taurarinsu ya bar wannan darasi, ya ɗauki kwanon ne ya bar tuwon.

Haka abin yake tun farko. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina. Ruwan Bagaja ya zagaya duniya, amma daga Kwantagora ya taso, ƙasar da aka haifi marubucin. A Magana Jari Ce kuwa, Imam ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, bai ɓoye ba, sai dai ya sa musu riga da hula har mai karatu ya ɗauka a ƙofar gidansu aka yi su. Aro ba laifi ba ne a adabi. Inda ake faɗuwa shi ne a ari abu a kasa mayar da shi na gida.

A namu ɓangaren, labarin da ya fi kowane fita daga ƙasar Hausa ta Nijar shi ne na Sarauniyar Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya mayar da shi littafi a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Da Faransanci aka rubuta littafin. Jikokin mutanen da rundunar nan ta bi ta kansu, daga Birnin Ƙonni har Maijirgi, mafi yawansu ba za su iya karanta shi ba. Ban ga laifin Mamani ba, ya yi da harshen da zamaninsa ya ba shi damar bugawa. Mu ne za a tambaya, mu da muka san ƙa'idojin rubutun Hausa, muka kuma ci jarrabawa a kansu.

To me ke akwai a Ɗan Gulbi da ya isa labari? Tambayar da kanta tana nuna ciwon. An saba mana da cewa labari yana faruwa ne inda akwai bene da kwalta, ƙauye kuwa wurin da tauraro ke baro wa ne a shafi na biyu. Bari in kawo kaɗan daga abin da ke kwance a wannan yanki yana jiran mai ɗauka.

A ɗauki rijiya. A ƙasar Dakoro rijiya tana da zurfin da sai an ɗaura igiya ga jaki ko sa ko raƙumi ya ja, kuma a bakinta ne Bagobiri manomi da Bafillace da Buzu suke haɗuwa kowace safiya ta rani. Wa zai fara shayarwa? Wa ya haƙa ta, wa ya gaje ta, wa yake ganin an mayar da shi baƙo a wurin da kakansa ya sha? Duk abin da marubuci ke nema na rikici da zumunci yana nan a fili guda, cikin harsuna uku. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a ƙasar Dakoro ta bi ta wajen kwarin Tarka, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, burtali kuma yana ta ƙanƙancewa. Ana rubuta rahotanni a kan wannan da Faransanci, cike da alƙaluma. Abin da rahoto ba ya iyawa shi ne ya shiga zuciyar dattijon da ya san gonarsa ta ci burtali, ya kuma san in ya janye ba abin da zai ciyar da gidansa, ga shi makiyayin da zai biyo ta nan da kaka abokinsa ne tun suna yara. A rubuta wannan dattijo a daren da ya ji kukan shanu daga nesa. Kada a yanke masa hukunci, kada a sa limami ko mai gari ya zo a shafin ƙarshe ya yi wa kowa wa'azi. A bar mai karatu da nauyin.

A ɗauki yunwa kuma, da sunayenta. Mutanenmu ba su ƙidaya shekarun wahala da lamba, suna raɗa musu suna. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1984 zuwa 1985 aka kira El-Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hatsi ya daina shigowa. Ta 2005, bayan fari da fara, ta cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jihar Maraɗi, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla a goye suke a lokacin. Ɗalibin harshe zai ga ƙirar kalma da ma'ana a cikin waɗannan sunaye, ya yi daidai. Marubuci kuwa sai ya tambaya: wa ya fara furta sunan, a wace kasuwa, cikin dariya ko cikin kuka? Ga labari nan wanda ba wanda ya rubuta. Tsofaffin da suka ga El-Buhari da idonsu suna nan da rai a kowane gari, amma ba za su dawwama ba.

Ko itace ma ya isa. Tun daga wajen 1984 manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin da ake kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, har ƙasar da ta zama fako ta sake yin itatuwa, masana daga ƙasashe da dama suna zuwa kallo. Ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ke ado, ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Mawaƙin da ya tashi a gindin gawo ya tafi yana kwatanta masoyiyarsa da furen da bai taɓa gani ba sai a hoton waya, ya yi wa kansa rowa.

Yanzu in zo ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wato amfanin karatunmu ga mai rubutu. Akwai masu cewa nazarin harshe yana kashe fasaha, wai wanda ya saba feɗe jimla ba ya iya hura mata rai. Ban yarda ba. Abin da muke koyo kayan aiki ne, in an san inda za a sa shi.

Misali mafi sauƙi shi ne ɗafa-ƙeyar -o ta aikatau, wadda muke haddacewa a matsayin aji na shida a rabe-raben Parsons. A aji muna cewa tana nuna aiki ya nufo wajen mai magana: fita da fito, koma da komo, saya da sayo, aika da aiko. A cikin labari kuwa, wannan ƙaramin wasali shi ne ke gaya wa mai karatu inda mai ba da labari yake tsaye. A ce ana rubuta labarin saurayin da ya tafi cin rani, ko Legas, ko Agadas, ko wajen haƙar zinariya a Jado da aka fara rububinta a 2014. In aka rubuta “ya aika da jika goma”, muna tare da shi a can, muna jin abin da kuɗin suka ci masa. In aka rubuta “ya aiko da jika goma”, muna tsakar gida tare da uwarsa da matarsa, muna lissafin tiya nawa za su saya. Labari biyu ne mabambanta, wasali ɗaya ya raba su. Sabon marubuci yakan yi ta tsalle tsakanin biyun bai sani ba, mai karatu ya ji jiri ya rasa dalili. Wanda ya san nahawu yana iya zaɓa da gangan: ya tsaya a gida daga farko har ƙarshe, kome na ɗan cin ranin sai dai ya zo, kuɗi su zo, saƙon murya ya zo, jita-jita ta zo, shi kuwa bai komo ba. Ga aikin gwaji nan ga mai so: shafi uku, kada mai ba da labari ya taka ko da taki ɗaya waje da garin.

Haka nan bambancin “sun tafi” da “suka tafi”. Na biyun shi ke jan zaren labari, aiki bayan aiki, shi ya sa tatsuniya ke gudu a kansa. Na farkon yakan tsayar da tafiya ya waiwaya, ya ba da abin da ya riga ya faru. Marubucin da ya gane wannan yana da linzami a hannu, ya san inda zai saki doki da inda zai ja shi. Sai amsa-kama, irin su tsit da wuf da tinjim. Kakanninmu mata da ke ba da tatsuniya sun san ɗaya tak a wurin da ya dace ta fi jimla uku na bayani. Sun kuma san in aka jera su a kowane layi, labari ya koma wasan yara.

Sannan alkunya, wadda muke nazari a darasin harshe da al'umma. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta, uwar da ba ta kiran ɗan farinta da sunansa, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban mutane. A littattafan da ake kwaikwayo, kowa yana faɗin abin da ke ransa da baki, har da hawaye. A gidajen da muka fito kuwa, so mafi ƙarfi shi ne wanda ba a furtawa. A gwada rubuta uwa tana sallamar ɗan farinta zai tafi jami'a a Yamai, ba ta ambaci sunansa ba, ba ta dube shi ba, magana take yi a kan ƙullin garin da ta sa masa a jaka. In mai karatu bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba, a sake rubutawa.

Babbar gardamar da za a yi mini ita ce ta karin harshe, kuma gardama ce mai nauyi. Za a ce daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, masu karatu mafi yawa a Nijeriya suke, in ka cika littafinka da Gobiranci ka rufe wa kanka kasuwa. Akwai gaskiya a ciki. Amma amsar ba ta da wuya, marubutan harsuna da yawa sun daɗe da samo ta: mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa, taurari kuwa su yi maganar garinsu. Tsohuwar Ɗan Gulbi ba ta cewa “me”, “mi” take cewa. Tana cewa shina, munka, sunka, yat tahi, biyat, gidanai, matatai, ɗiya. In aka sa mata Kananci a baki an yi mata ƙarya, kuma duk wanda ya san ta zai ji ƙaryar tun daga layin farko. Ba kuma sai an rubuta kowane sauti kamar ana aikin bayanin furuci ba. Alamomi kaɗan da aka riƙe ba sauyi sun isa kunnen mai karatu ya cika sauran. Batun cewa mutanen Kano ba za su gane ba kuwa, ai sun shekara da shekaru suna sauraren Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo, waɗanda duk da Hausar yamma suka yi waƙa, ba wanda ya nemi a fassara masa. Abin da ya gagara a kunne shi ne zai gagara a takarda, wannan kuwa bai gagara ba.

Haka kalmomin da muka aro daga Faransanci. Yaron Nijar lakwal yake zuwa, mushe ke koya masa, da bik yake rubutu a kaye. In tauraronka ɗan Dakoro ne, bar shi ya faɗi abin da yake faɗi. Mai karatu na Zariya zai gane daga zancen, kamar yadda mu muka gane kalmominsu na Ingilishi ba wanda ya yi mana ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da aka yi wa alamar Katsina da Sakkwato da Gobir, kuma Abdou Mijinguini ya yi namu ƙamusun na Hausa da Faransanci a nan gida. Kalmar da marubuci bai sa a labari ba, a ƙamus kaɗai za ta saura, daga nan kuma sai kabari.

Ga masu waƙa, maganata ta fi tsauri kaɗan. Yawancin abin da sababbin mawaƙa ke kira waƙa a yau zube ne da aka yanka gunduwa-gunduwa aka liƙa wa kowane layi “na” ko “ba” a ƙarshe. Amsa-amo shi ne mafi arha a cikin kayan waƙar Hausa, domin kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa. Abin da ke riƙe rubutacciyar waƙa tun daga zamanin Nana Asma'u har zuwa Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu shi ne kari, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi bisa tsari. Aliyu Namangi makaho ne, da kunne ya auna Imfiraji, kuma har yau almajirai na rera ta ba ta karye musu a baki. Mu kuwa mun san abin a ilmance: gaɓa mai baƙi da gajeren wasali marar nauyi ce, mai dogon wasali ko tagwan wasali ko mai rufe da baƙi kuwa mai nauyi ce. Matsalar ita ce rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, don haka ido yana ruɗin mawaƙi. Dubi “fari”. A takarda kalma ɗaya ce, a baki kuwa huɗu ce: launi, da rashin ruwan sama, da jam'in fara, da mafarin abu. Biyun farko da gaɓa marar nauyi suka soma, biyun ƙarshe da mai nauyi. Wanda ke ƙirga haruffa zai ɗauka duk ɗaya ne, ya sa wadda bai kamata ba, ɗango ya yi ɗingishi. Ga shi kuma kalmomin nan huɗu sun isa su ɗauki tarihin shekarar 2004 zuwa 2005 a ƙasar Dakoro gaba ɗayansa. Wanda ya iya, ya gwada ƙwar biyu baiti bakwai a kansu, kowace ta fito da ma'anarta ba tare da an yi bayani ba.

Shawarar da zan ba mai koyon waƙa ita ce ya rera kafin ya rubuta. Ya ɗauki karin da kunnensa ya riga ya sani, na waƙar daka ko ta gaɗa ko ta noma, ya riƙa zuba kalmominsa a ciki da baki, yana tafiya yana maimaitawa, sai abin ya zauna sannan ya nemi takarda. Daga baya ya zo da iliminsa na aji ya feɗe abin da ya yi, ya ga inda gaɓa ta yi yawa. In ya ga dama ya ƙara da amsa-amon karin sauti, wanda Ɗalhatu Muhammad ya jawo hankalin manazarta a kansa, wato ƙarshen ɗangogi su dace a hawa da saukar murya, ba a harafi kaɗai ba. Masu son waƙar da ba ta bin kari suna da ƴancinsu, amma gara mutum ya bar doka bayan ya iya ta. Kunne yana bambance wanda ya ƙi da wanda ya kasa.

Saura tambayar da kowa ke yi: in na rubuta, wa zai buga, wa zai karanta? Ba zan ce hanya a share take ba. Masu buga littattafan harsunan gida a Yamai, irin su Gashingo, ba su da yawa, kuma littattafan makaranta sun fi ɗaukar hankalin kasuwa. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida an fara su tun 1973 a Damagaram, amma har yau yawancin yaran Nijar ba su taɓa zama ajin da aka koya musu rubuta Hausa ba. Sai dai wannan ƙarancin shi ne hujjar rubutun. Yaron da aka koya wa karatu da Hausa, in ya gama littafin aji, me zai karanta? Kuma ƙofofi sun fi na da yawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don gajerun labaran mata, ta fito da sunayen da ba wanda ya san su a da. Gidajen rediyon karkara suna neman abin da za su cika lokaci da shi, labarin da aka karanta da murya mai kyau kuwa yana isa ga matar da ke daka a Ɗan Gulbi wadda ba ta taɓa riƙe littafi ba. Yazi Dogo da abokan wasansa sun nuna tun tuni cewa ƴan Nijar suna son ganin kansu da jin bakinsu a cikin wasa. Wanda ya rubuta don a ji, dole ya gajarta jimla, ya rage ado, ya sa kowane tauraro ya yi magana yadda za a gane shi ba sai an faɗi sunansa ba, kuma duk wannan gyara ne ga rubutun.

Ina da roƙo ga malamanmu a nan. Kowace shekara ɗalibai suna tafiya garuruwansu da na'urar ɗaukar magana, su dawo da sa'o'i na hirar tsofaffi, a tsinci jimloli ashirin a sa a jadawali, a yi sharhinsu da Faransanci, sauran kuwa su kwanta a waya har ranar da wayar ta lalace. A cikin abin da ake zubarwa akwai labarin aure da na fatauci da na shari'ar gona, da irin zancen da ba marubucin da zai iya ƙirƙiro shi a ɗaki. Me zai hana a nemi kowane ɗalibi, bayan kundinsa, ya miƙa shafi biyar na Hausa da ya gina a kan abin da ya jiyo, labari ko waƙa, wannan mujalla kuma ta riƙa buga mafi kyau a kowace fitowa? Sharaɗi biyu kawai zan sa. Na farko, a nemi izinin wanda aka ɗauki maganarsa, a sauya sunaye da duk abin da zai sa a gane mai shi, domin a gari irin Ɗan Gulbi kowa ya san kowa, sirrin gidan wani kuma ba kayan ado ba ne. Na biyu, kafin a kawo wa mujalla, ɗalibin ya koma ya karanta wa mutanen abin da ya rubuta da babbar murya, a zaure ko a gindin itacen da aka yi hirar, ya lura da inda suka yi dariya, da inda suka yi tsit, da inda wani ya katse shi ya ce ba haka ake faɗi ba.